Ko Kun Sani? Naɗar Waƙa a Ɗaki

Hanyar tura waƙoƙi daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko katin memori, wadda matasan karkara suka saba da ita, ita ce ta fito da Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar. A 2008 ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato, inda aka bi muryarsa da Auto-Tune, wato manhajar da ke daidaita murya idan ta kauce wa kari. Yau mai sha'awa kan yi irin wannan aiki a ɗakinsa da kwamfuta da makirfo guda, muddin ya rataya barguna a bango domin su shanye amsa-kuwwa.