Mai yi wa gawa allura a Kumasi

Mu da muka saba a yi wa mamaci wanka, a sa shi a likkafani, a kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, wannan sana'a baƙuwa ce a gare mu. Amma a Kumasi, bayan an bar unguwannin Zango, Asantawa kan ajiye gawa makonni, wani lokaci watanni, sai dangi na nesa sun hallara. A tsawon wannan jira, gawar tana hannun ma'aikacin mutuware.

Kafin ya taɓa komai, sai ya duba takarda da alamar sunan da ke ɗaure a jikin mamacin, domin musayar gawa abin kunya ne da ba ya wankuwa. Daga nan ya wanke jikin, ya lanƙwasa gaɓoɓin da suka sandare, ya rufe ido da baki. Sannan ya ɗan tsaga gefen wuya ko cinya, ya nemo babbar jijiya, ya tura ruwan fomalin da aka sirka, jini kuma yana fita ta wata jijiyar. A nan ake gane gwani. Idan ruwan ya yi ƙarfi, fata ta bushe ta ƙandare. Idan ya yi salam, jiki ya ruɓe. Idan aka matsa famfo da gaggawa, fuska ta kumbura har 'ya'ya su kasa gane mahaifinsu. Bayan haka sai a zuƙe ruwan ciki da dogon bututun ƙarfe, a zuba sinadari, a ɗinke.

Iyali na biyan kuɗin allura sau ɗaya, na firij kuwa kullum ake ƙirgawa, amma akasarinsa na asibiti ne. Ma'aikacin albashi kawai yake jira. Ga shi fomalin na yajin ido da ƙirji, kuma tun 2004 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo cutar. Ƙungiyar ma'aikatan mutuware ta Gana ta sha kokawa kan ƙarancin safar hannu da takunkumi. A gida ma, wasu na ƙyamar cin abinci tare da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne, na kirki a cikinsu ba ya barin al'aurar mamaci a buɗe, ba ya kuma fitar da abin da ya gani. Mai irin wannan riƙon amana ya cancanci a ba shi kayan kariya, a kuma biya shi a kan kari.