Yadda ake koya wa ɗan kwikwiyo wurin kashi da fitsari

A unguwannin Yamai, Maraɗi, Garwa da Njamena, magidanta da dama na ajiye kare domin gadi. Galibi ana kawo shi ne yana ɗan kwikwiyo, kuma rigimar farko da ke tasowa a gidan ita ce ta ƙazanta: ya yi fitsari kusa da tabarmar salla, ya yi kashi inda yara ke wasa ko inda ake shanya hatsi. Da yawa kan ɗauki sanda, amma duka ba ya koya masa komai sai tsoro. Abin da ke aiki shi ne tsarin lokaci da sa ido.

Dalilin da ya sa abin ke da muhimmanci

A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin yankin ke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma kashinsa da fitsarinsa najasa ne. Ta fuskar lafiya kuma, yawancin 'yan kwikwiyo na ɗauke da tsutsar ciki da suka samo daga uwa. Ƙwan tsutsar na fita cikin kashi, ya nuna a ƙasa cikin makonni 2 zuwa 4, sannan ya iya kama yaron da ya sa ƙasa a baki. Shi ya sa ake kwashe kashin kullum, a binne ko a zuba a masai.

Abin da jikinsa zai iya

Bai kamata a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8 ba. A lokacin mararsa ƙarama ce. Ƙiyasin da likitocin dabbobi ke bayarwa shi ne awa ɗaya ga kowane wata na haihuwarsa: ɗan wata 2 zai riƙe fitsari kamar awa 2, ɗan wata 4 kuma awa 4. Idan aka bar shi fiye da haka ya yi a ɗaki, ba taurin kai ba ne.

Matakan horo

A zaɓi lungu guda mai ƙasa ko yashi, nesa da madafa, rijiya da randar ruwa, kada a riƙa sauya shi. Kare na komawa ne inda ya ji warin da ya bari.

A kai shi wurin da zarar ya farka, da bayan ya ci abinci da minti 15 zuwa 30, da bayan wasa, da kuma kafin barcin dare. A watannin farko sai an tashi sau ɗaya ko biyu cikin dare. Lokutan salla na taimakawa wajen tuna jadawalin.

A ba shi abinci sau 3 zuwa 4 a rana a kan lokaci, a ɗauke kwanon idan ya gama. Wanda ke ci a kan lokaci, a kan lokaci yake kashi.

Da ya gama a wurin da ake so, a yaba masa nan take da murya mai daɗi ko ɗan guntun nama. Idan aka jinkirta, ba zai gane abin da aka saka masa a kai ba. A riƙa faɗin kalma guda kowane lokaci, kuma duk mutanen gidan su yi amfani da ita.

Idan ba mai lura da shi, a ajiye shi a ƙaramin wuri mai inuwa da ruwan sha, domin kare ba ya son ɓata makwancinsa. Sai dai kada a kulle shi fiye da yadda zai iya riƙewa.

Idan ya yi kuskure

Shinshinar ƙasa da zagaye wuri ɗaya alama ce ta ya matsu. Idan an kama shi yana cikin yi, a ɗauke shi ba tare da tsawa ba a kai shi lungunsa. Idan daga baya aka gani, a share kawai. Dukansa ko goga masa hanci a kashin na sa ya koma yi a ɓoye, bayan buhu ko ƙarƙashin gado. A wanke siminti da sabulu sosai, idan kuma ƙasa ce a kankare ta a zuba sabuwa.

Yawanci horon kan zauna cikin wata 4 zuwa 6, wasu kuma su kai shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Lokacin ganin likita

Idan fitsari na ɗiga masa akai-akai, ko akwai jini, ko yana zawo da amai, a garzaya da shi wurin likitan dabbobi. A nemi maganin tsutsa duk bayan mako 2 har ya cika wata 3, sannan a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa da wannan ciwo daga kare suke samun sa.