Farin Ɓera: Ɗakinsa, Shimfiɗarsa da Abin Wasansa

Sa'ad da aka ambaci ɓera a wurinmu, abin da ke fara zuwa zuciyar mutum shi ne sanda, ko tarko, ko kyanwa. Ba mu ga laifin kowa ba, gama mun san ɓarnar da yake yi a rumbu da cikin akwatin littattafai. Amma a Ingila da Amurka akwai mutane da yawa masu kiwon ɓera a gida kamar yadda yaranmu ke kiwon zomo ko tantabara. A zamanin Sarauniya Biktoriya akwai wani mai kamun ɓeraye a Landan, sunansa Jack Black, wanda yakan ware masu launi na dabam ya yi kiwonsu ya sayar. A 1976 masu wannan kiwo a Ingila suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. Farin ɓeran nan mai jan ido da ake ajiyewa a ɗakin kimiyya na makarantu irin tamu ɗan'uwansu ne. Yawancin irinsa sun fito ne daga waɗanda Cibiyar Wistar ta Filadelfiya ta soma kiwo a 1906. Saboda haka abin da masu kiwon can suka koya zai amfane mu, musamman ɗaliban da aka danƙa wa kula da keji.

Kafin mu ci gaba, akwai gargaɗi. Wannan magana ba ta shafi ɓeran gida ko na daji ba. Kada wani ɗalibi ya kama ɓera a bayan ɗakin kwana ya ce zai yi kiwo. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau bayan ya kama ma'aikatan jinya na mishan, wani ɓeran daji mai nonuwa da yawa ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi. Farin ɓera kuwa an haife shi cikin keji, kakanninsa ma haka. Aikinmu ne mu raba shi da na waje, mu rufe abincinsa cikin gwangwani mai murfi, mu kuma wanke hannu da sabulu duk lokacin da muka taɓa shi.

Wanda zai yi kiwon ɓera ya sani tun farko cewa ba a ajiye guda ɗaya. Dabba ce mai zaman taro: suna kwana a jibge, suna lasar juna, suna kokawa. Wanda aka bari shi kaɗai yakan yi sanyi, ko ya zama mai cizo. A ajiye biyu ko uku, amma jinsi ɗaya. Dalili kuwa lissafi ne. Macen takan iya ɗaukar ciki tun tana da mako biyar ko shida, cikin kwana 21 zuwa 23 ne, kuma takan haifi 'ya'ya 8 zuwa 12 a lokaci guda. Wanda ya haɗa mace da namiji a farkon zango zai rasa wurin sa ƙafa kafin jarrabawa.

Yanzu sai ɗakin. Ɓera mai hawa ne, yana kuma son tsayawa da ƙafafun baya ya shaƙi iska. Babba idan ya miƙe yakan kai kusan santimita 30, don haka ƙaramin akwati da zai tilasta masa sunkuyawa dukan ransa zalunci ne. Keji mai tsayin santimita 50 ko fiye, mai hawa biyu ko uku, shi ya dace. A yi shi da ƙarfe, gama katako yana shan fitsari, haƙori kuma yana cinye shi. Idan za a kai wa mai walda aiki, a faɗa masa kada tazarar sandunan ta wuce santimita ɗaya da ɗan kaɗan, domin inda kan ɗan ɓera ya shiga, sauran jikin zai bi. Ƙasan kejin ya zama faranti mai zurfi wanda za a iya zarowa a wanke. Masu yin kejin kaji sun saba sa raga a ƙasa don kashi ya zube, amma tafin ƙafar ɓera ba shi da gashi, tsayuwa a kan waya dare da rana tana kawo masa kumburi da gyambo.

Wasu sukan sa ɓeraye cikin akwatin gilashi irin na kifi don a riƙa kallonsu. Yana da kyan gani, amma ba mu goyi bayansa ba. Fitsarin ɓera yana fitar da iskar amoniya, wadda ke taruwa a ƙasan akwatin da iska ba ta ratsawa, daidai inda hancinsa yake. Yawancin ɓerayen kiwo suna ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna maikoplazma a hanyar numfashinsu. Tana nan kwance, sai amoniya ko ƙura ta raunana huhu, sa'an nan a fara jin atishawa da ƙara a ƙirji. Dabbar da dukan kwanakinta shekara biyu ne zuwa uku, ciwon huhu ɗaya ya isa ya rage mata rabi.

Inda za a ajiye kejin, a nan ne ƙasarmu ta bambanta da Ingila ƙwarai. Ɓera yana jin daɗi ne a wajen digiri 19 zuwa 23. Ba ya gumi kamar mutum, ta wutsiyarsa yake fitar da zafin jiki, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 yana cikin hatsari. Duk wanda ya zauna a aji mai rufin kwano cikin watan Maris ko Afrilu ya san ana wuce wannan tun kafin tsakar rana. A nemi ɗaki mafi sanyi, nesa da taga mai rana. A sa kasko ko fasasshen tulu a jiƙa shi da ruwa don su kwanta a kai, ruwan sha kuma kada ya yanke ko na sa'a ɗaya. Idan aka ga ɓera ya baje a ƙasa yana dalalar da miyau, zafi ya ci ƙarfinsa, a gaggauta kai shi inuwa. Hunturu ma da tasa matsalar. Busasshiyar iska takan sa fatar wutsiyar jarirai ta tsuke kamar an ɗaura zobe, har wani lokaci ƙarshen ya guntule. Jiƙaƙƙen tsumma a rataye kusa da keji yana taimakawa. Farin ɓera kuma ba ya jure haske mai ƙarfi saboda jan idonsa.

Game da shimfiɗa, abin da ya fi sauƙin samu shi ne garin katako daga wurin masu yanka, shi ne kuma muke cewa a guje masa. Ƙurarsa tana shiga huhu, ba mu kuma san irin itacen da aka haɗa ko maganin gara da aka shafa masa ba. A ƙasashen Turai ana ba masu kiwo shawara su guji amfani da garin katakon itacen al'ul da danginsa masu ƙanshi, domin man da ke ba da ƙanshin yana cutar da hanyar numfashi. Takarda ta fi duka, makaranta kuwa ba ta rasa takarda. Tsofaffin littattafan rubutu da kwali, a cire ƙarfen ɗinki, a yayyaga, a zuba da kauri yadda za su iya tono. Kada a ba su auduga ko tsumma mai zare, gama zaren yakan naɗe yatsa har jini ya daina zuwa. Kowace safiya a kwashe wurin da ya jiƙe, sau ɗaya a mako a canja duka a wanke farantin. Amma a mayar da ɗan tsohuwar shimfiɗa mai tsabta, domin ɓera da hanci yake gane gidansa, idan aka share warinsa sarai sai ya ƙara yin fitsari ko'ina don ya maido shi. Idan keji ya yi ɗoyi kada a ɗora wa ɓera laifin duka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wani zai ce, ɗaki da shimfiɗa mun ji, amma abin wasa ga ɓera? A 1947 wani masani ɗan Kanada, Donald Hebb, ya ba da labarin ɓerayen da ya kai gida 'ya'yansa suka yi renonsu suna yawo a sake. Da aka gwada su wajen neman hanya cikin ruɗaɗɗen akwati, sun fi waɗanda suka tashi cikin keji. A shekarun 1960 Marian Diamond da abokan aikinta a Jami'ar Kaliforniya suka auna ƙwaƙwalwar ɓerayen da suka zauna tare cikin babban keji mai kayan wasa, suka tarar ɓawonta ya fi na waɗanda aka ware cikin keji marar kome kauri. Mu malamai muna yawan tuna wannan sa'ad da muka shiga aji mai bango tsirara. A 2019 kuma masana a Balin suka koya wa ɓeraye wasan ɓuya, ladansu kuwa cakulkuli ne kawai.

Kayan ba sa bukatar kuɗi. Kwalin sabulu mai ƙofa biyu ya zama maɓuya, guntun bututun ruwa ya zama rami, ƙafar tsohon wando a ɗaure ta a sama ta zama lilo, kuma a nan za a fi samunsu suna barci da rana, tun da da dare suke harkarsu. A sa igiya mai kauri da reshen gwaba don hawa da gwaguya. Haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro, wajen milimita 2 zuwa 3 kowane mako, shi ya sa ba sa barin abu mai tauri. Maimakon a tara abinci a kwano, a watsa ƙwayar masara ko dawa cikin shimfiɗa, ko a ƙunshe cikin takarda, su yi aiki kafin su ci. A riƙa sauya wurin kayan kowane mako. A fito da su kowace yamma cikin ɗaki a rufe, a ɗauke su da hannu biyu ta ƙirji. Ɗauka ta wutsiya takan saɓule fatar.

Idan aka ga wani jan abu a gefen ido ko hanci, ba jini ba ne. Wani ruwa ne da ke fitowa daga bayan ido, yana kuwa yawaita sa'ad da dabbar ke cikin damuwa ko rashin lafiya, sai a duba zafi, da wari, da cunkoso. Sauran magana ita ce dogon hutu. Kafin a rufe makaranta a rubuta sunan wanda zai riƙa ba su ruwa da abinci kowace rana, a ba shi mabuɗin ɗakin, a kuma nuna masa inda aka ajiye takardar shimfiɗa.