Tafiya ta Jirgin Sama Zuwa Tsibirin Sent Helena: Yadda Iska Ta Jinkirta Aikin Fam Miliyan 285

A ci gaba da bayanan da muke kawo wa jama'armu na karkara da ma'aikatan ƙananan hukumomi game da sufuri da manyan ayyukan raya ƙasa, a wannan karo mun leƙa wani wuri mai nisan gaske, wato tsibirin Sent Helena da ke tsakiyar kudancin Tekun Atilantika. Mun zaɓe shi ne domin mutanensa sun shekara fiye da 350 ba su da hanyar fita ko shiga sai ta ruwa, kuma da aka zo gina musu filin jirgin sama, sai aikin ya gamu da wata matsala wadda ba ta kuɗi ba ce, ba kuma ta siminti ba.

Inda tsibirin yake

Sent Helena yanki ne da ke ƙarƙashin ikon Birtaniya. Girmansa murabba'in kilomita 122 ne kacal, tsawonsa kimanin kilomita 16, faɗinsa kuwa kimanin 8. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna mutum 4,439 ne ke zaune a cikinsa, adadin da bai kai yawan jama'ar mazaɓa guda a galibin ƙananan hukumominmu ba. Gaɓar Afirka mafi kusa da shi, wajen Angola da Namibiya, tana da nisan kusan kilomita 1,900. Maƙwabcinsa mafi kusa shi ne tsibirin Ascension, wanda ke kimanin kilomita 1,300 ta arewa maso yamma.

Tsibirin tsohon dutse ne mai aman wuta da ya taso daga ƙarƙashin teku, saboda haka kusan duk gefensa tsaunuka ne masu tsayi da suka gangara kai tsaye cikin ruwa. Babban garinsa, Jamestown, yana cikin wani matsattsen kwari. Yanayinsa madaidaici ne, babu tsananin zafi irin na bazararmu, domin iska mai sanyi tana busowa daga kudu maso gabas kusan duk shekara. Bakin teku busasshe ne, amma tsakiyar tsibirin, inda tsauni mafi tsayi ya haura mita 800, akwai ciyayi da hazo da yayyafi. Mai karatu ya riƙe maganar wannan iska, domin za mu dawo gare ta.

Turawan Fotugal ne suka fara ganin tsibirin a 1502, sa'an nan kamfanin cinikin Ingila na gabashin Indiya ya zaunar da mutane a 1659. Nisansa ya sa Birtaniya ta mayar da shi wurin ajiye waɗanda take tsoro. A nan aka tsare Napoleon na Faransa daga 1815 har ya mutu a 1821, a nan kuma aka kai Dinuzulu, sarkin Zulu, a 1890. A zamanin jiragen ruwa masu filafilai, fiye da jirgi dubu kan yada zango a wurin a shekara, amma da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 sai hanyar Turai zuwa Indiya ta kauce masa, kasuwarsa ta mutu.

Zamanin jirgin ruwa guda

Daga 1990 zuwa 2018 rayuwar tsibirin ta rataya ne a kan jirgin ruwa guda ɗaya mai suna RMS St Helena. Shi ke kawo wasiƙu da shinkafa da magani da motoci da fasinjoji, kuma yakan yi kwana biyar tsakanin tsibirin da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. Idan ya tafi, sai bayan kimanin mako uku a sake ganinsa. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin ƙaramin asibitin Jamestown dole ne ya jira zuwan jirgin, sa'an nan ya jure kwana biyar a kan teku kafin ya ga ƙwararren likita. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyen da rafi ke yanke wa hanya da damina ya san nauyin irin wannan jira. A ƙarshen 1999 jirgin ya lalace kusa da gaɓar Faransa, fasinjoji da kayan abincin tsibirin suka maƙale na tsawon makonni.

Wannan hali, haɗe da yadda matasa ke ƙaura zuwa Ingila da tsibiran Falkland da Ascension neman aiki, shi ya ƙarfafa kiran a gina filin jirgin sama. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta 2002, fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka jefa ƙuri'a sun goyi baya. Gwamnatin Birtaniya ta amince a 2005, ta dakatar da maganar a ƙarshen 2008 saboda durƙushewar tattalin arzikin duniya, daga baya aka sa hannu kan kwangila da kamfanin Basil Read na Afirka ta Kudu a watan Nuwamba na 2011. Manufar Birtaniya a fili take: idan masu yawon buɗe ido suka yawaita, tsibirin zai riƙe kansa, a daina ba shi tallafin da yake dogara da shi kowace shekara.

Aikin ginin

Wuri guda ne a duk tsibirin yake da shimfiɗar da za ta iya ɗaukar titin saukar jirgi, wani tudu da ke gabas mai tsayin kimanin mita 300 daga teku. Ko shi ma bai isa ba, sai da aka cike wani kwazazzabo mai zurfin kusan mita 100 da duwatsun da aka fasa, fiye da kubik mita miliyan 7. A lokacin tsibirin ba shi da tashar da babban jirgin ruwa zai jingina, don haka aka fara gina wurin sauke kaya a gaɓar Rupert, aka kuma sassaƙa hanya mai tsawon kilomita 14 ta cikin tsaunuka domin kai manyan motoci da siminti da mai. Titin da aka samu a ƙarshe tsawonsa mita 1,950 ne, gajere idan aka kwatanta da na Kano ko Abuja, kuma daga bakinsa sai gangare zuwa teku. Kuɗin da Birtaniya ta ware wa aikin da tafiyar da filin na shekarun farko ya kai fam miliyan 285.

Akwai wani abu da ya kamata mu ambata a nan, ko da yake ba na sufuri ba ne. Daga 1840 zuwa wajajen 1870, sojojin ruwan Birtaniya sun riƙa kama jiragen fataucin bayi a teku suna sauke mutanen da ke ciki a kwarin Rupert. Fiye da 'yan Afirka 25,000 aka sauke a wurin, kuma kimanin 8,000 daga cikinsu sun mutu a can saboda wahalar da suka sha. A 2008, lokacin binciken share fagen hanyar filin jirgin, aka tono ƙasusuwan mutum 325, da yawansu yara. An ajiye su a cikin akwatuna shekara 14 kafin a sake binne su da girmamawa a watan Agusta na 2022.

Ranar da iska ta nuna kanta

Ƙaramin jirgi na farko ya sauka a watan Satumba na 2015 domin gwada na'urori. Aka tsara cewa jirgin Boeing 737 na kamfanin Comair zai riƙa zuwa daga Johannesburg kowane mako, aka kuma sa ranar bikin buɗewa a watan Mayu na 2016. A ranar 18 ga Afrilu jirgin ya zo saukar gwaji. Yana dab da taɓa titi sai iska ta girgiza shi, matuƙin ya sake tashi sama ya zagayo kafin ya samu sauka. Bayan 'yan kwanaki aka ɗage bikin ba tare da sa wata rana ba.

Domin fahimtar abin da ya faru, sai mu san cewa jirgin sama yakan sauka ne yana fuskantar iska, saboda iskar da ke ratsa fikafikansa ita ke riƙe shi a sama yayin da yake rage gudu. Idan iskar nan ta yanke farat ɗaya, ko ta juya ta buge shi daga gefe, sai jirgin ya rasa abin da ke tallafe da shi a daidai lokacin da yake kusa da ƙasa. Matan da ke shiƙar hatsi sun san wannan tun da daɗewa: ba a tsayawa a bayan rumbu a yi shiƙa, domin iskar da ta bugi rumbun takan murɗe ta dawo da ƙaiƙayi cikin tsaba. To, a Sent Helena, jirgin da zai fuskanci iskar kudu maso gabas dole ya shigo ta arewa, kuma a nan ne wasu manyan duwatsu biyu da ake kira Sarki da Sarauniya suke tsaye, suna murɗe iskar kamar yadda rumbu ke yi.

Kwamitin majalisar dokokin Birtaniya mai bin diddigin kashe kuɗin jama'a ya binciki lamarin, kuma a rahotonsa na watan Disamba na 2016 ya zargi ma'aikatar raya ƙasashe da gina filin ba tare da tantance wannan hatsari yadda ya kamata ba. Kwamitin ya tunatar da cewa masanin nan Charles Darwin ya lura da halin iskar tsibirin tun da ya ziyarce shi a 1836. Jaridun Ingila kuwa suka laƙaba wa filin sunan wanda ya fi kowanne rashin amfani a duniya. A ganinmu sunan ya yi tsauri, amma zargin yana da tushe. Awon iska a bakin titin na shekara ɗaya ko biyu, da saukar gwaji da irin jirgin da ake nufi, ba za su ci ko ɗan ƙaramin kaso na abin da aka kashe wajen cike kwazazzabon ba. Kansila ko shugaban sashen ayyuka da ya taɓa ganin an haƙa rijiyar burtsatse inda ba a auna ruwa ba zai gane irin wannan kuskure nan take.

Yadda aka shawo kan matsalar

Ba a rushe duwatsun ba, ba a kuma sauya wa titin wuri ba. Abin da aka sauya shi ne jirgin. Aka gano cewa idan aka shigo ta kudu iskar ba ta cika murɗewa ba, sai dai tana turo jirgin daga baya, abin da ke sa ya buƙaci doguwar hanya kafin ya tsaya. Wannan na nufin sai ƙaramin jirgi marar nauyi sosai. Kamfanin Airlink na Afirka ta Kudu ya karɓi aikin da jirgin Embraer 190, kuma a ranar 14 ga Oktoba, 2017, jirgin fasinja na farko mai tsayayyen lokaci ya sauka, wata 17 bayan ranar da aka sa tun farko. Ba a cika dukkan kujerun jirgin, domin a rage nauyi a kuma bar wa mai gurbi. Matuƙan da ke zuwa tsibirin sai sun sami horo na musamman.

Tun ma kafin wannan rana filin ya fara amfani. A watan Yuni na 2016 wani ƙaramin jirgi ya ɗauki jariri marar lafiya zuwa asibiti a Cape Town cikin 'yan sa'o'i. Ga iyalan tsibirin, wannan ne ma'aunin aikin, ko da yake baƙin da ke zuwa yawon buɗe ido ba su kai yawan da aka yi hasashe ba, kuma tallafin Birtaniya bai tsaya ba.

Abin da matafiyi zai tarar

Hanyar da aka saba bi ita ce ta Johannesburg, sau ɗaya a mako, ranar Asabar, tare da ƙarin jirgi a tsakiyar mako a watannin da baƙi suka fi yawa. Tafiyar takan ɗauki kusan awa shida, har da tsayawa shan mai a Walvis Bay ta Namibiya. Dalilin tsayawar shi ne babu wani filin da jirgin zai karkata gare shi a kusa idan sauka ta gagara, don haka dole ya isa tsibirin da man da zai ishe shi ya yi ta zagaye yana jira, ko ya nemi wani fili mai nisa. Saboda haka ne ma ba a tashi daga Namibiya sai masu hasashen yanayi sun tabbatar gajimare ba zai rufe titin ba. Jinkirin kwana ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne, kuma mai hikima ba ya sayen tikitin wata tafiya a washegarin ranar dawowarsa. Hukumomin tsibirin suna buƙatar baƙo ya zo da tikitin komawa da inshorar lafiya wadda ta haɗa da kuɗin ɗaukarsa ta jirgi idan ciwo ya yi tsanani.

Abin lura ga ɗan Nijeriya shi ne Legas ta fi Johannesburg kusa da tsibirin, kimanin kilomita 2,700 a maimakon 3,700, amma dole ya fara gangarawa Afirka ta Kudu sa'an nan ya juyo yamma. A lokacin annobar korona ne aka riƙa bi ta Afirka ta Yamma, daga 2020 zuwa farkon 2022, sa'ad da aka dakatar da jirgin Johannesburg, aka riƙa hayar jirgi daga Landan yana shan mai a Accra ta Ghana. Wayar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna Equiano, wadda ta iso Legas a 2022, ita ce kuma aka ja reshenta zuwa tsibirin, ta fara aiki a can a 2023.

An sallami tsohon jirgin ruwan RMS St Helena a watan Fabrairu na 2018, jama'a suka fito bakin teku suka yi masa ban kwana. Amma kaya masu nauyi irin su gari da siminti da motoci har yanzu ta ruwa suke zuwa, a jirgin dakon kaya daga Cape Town, kusan sau ɗaya a wata.