Bidzar: Ƙauyen da Duwatsunsa Ke Ɗauke da Zanen Mutanen Da

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar Garwa zuwa Marwa ya san Figil, garin siminti, mai nisan kimanin kilomita 90 daga Garwa. Amma direbobinmu da fatake kaɗan ne suka taɓa taka birki a ƙauyen Bidzar da ke gaba kaɗan, a cikin lardin Mayo-Luti. Ba abin mamaki ba ne, domin daga kan kwalta babu abin da ido zai gani sai bukkoki da gonakin dawa da auduga, da wasu fararen duwatsu shimfiɗe a ƙasa kamar an baza tabarmi.

To, waɗannan duwatsu su ne dukiyar garin. Marmara ne, kuma a jikinsu akwai zane-zane kusan 500 da mutanen da suka sassaƙa. Ba hoton mutum ba ne ko na dabba, irin raƙuman dawa na Dabus da ke yankin Agadas a Nijar, ko shanun da aka zana a kogunan dutse na Birnin Kudu ta Jigawa. Na Bidzar galibinsu da'irori ne, wata a cikin wata, wasu a haɗe kamar sarƙa, wasu kuma su kaɗai. Masana sun ce da guduma da ƙarfe mai tsini aka riƙa ƙwanƙwasa dutsen, ɗigo bayan ɗigo, har siffar ta fito. Mai karatu ya ƙiyasta irin haƙurin da wannan aiki ke bukata a zafin ranar wannan yanki.

Wani Bafaranshe mai suna Buisson ne ya fara sanar da duniya labarinsu a 1933. Daga baya Alain Marliac, masanin tarihin kufai, ya yi bincike mai zurfi a wurin, ya kuma wallafa littafi a kansu a 1981. Game da shekarunsu kuwa, ƙiyasin masana yana da faɗi ƙwarai: daga shekara 300 har zuwa 3000. Mutanen Gidar ne ke zaune a yankin, suna noma a tsakanin duwatsun.

Sai dai fa albarkar wurin ita ce kuma barazanarsa. Marmaran da aka yi zanen a kansa shi ne irin dutsen da ake ƙonawa a sami siminti da farar ƙasa, kuma daga wannan yanki ake haƙo wanda masana'antun Figil ke aiki da shi. Babu mai musun amfanin siminti. Da shi aka gina gidaje da masallatai da makarantu a Garwa da Gidar da Marwa, kuma iyalai da yawa, har da na Hausawa, a nan suke samun abinci. Amma buhun siminti ana iya sake yin wani gobe, dutsen da aka fasa da zanensa kuwa ya tafi ke nan. Ga kuma wutar daji da ruwan sama da kofaton shanu, suna cin nasu rabon a hankali.

A shekarar 2006 gwamnatin Kamaru ta sa Bidzar cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Shiga wannan jeri matakin farko ne kawai, ba kariya ba ce. Kufan Diy-Gid-Biy na duwatsun Mandara, da aka gabatar a wannan shekara, sai a 2025 suka sami karɓuwa, wato bayan shekara 19.

Wanda ke da niyyar zuwa, ya fi kyau ya je da rani bayan an girbe amfanin gona, da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da hasken rana ke faɗowa a karkace, zanen ya fito sosai. Ya fara gaida mai gari, ya nemi ɗan rakiya, kada kuma ya taka zanen da takalmi. In da sauran lokaci, kwazazzabon Kola na kogin Mayo-Luti yana kusa da garin Gidar.