Majami'ar Ƙasa Ta Wusasa: Darasi Ga Ikilisiyoyinmu



A ƙauyukanmu na wajen Riko da Jibiya, wasu ikilisiyoyi sukan bar majami'arsu ta ƙasa tana lalacewa, suna jiran ranar da za a sami kuɗin bulo da siminti. Muna so mu ba ku labarin wata majami'a da za ta sa mu sake tunani.

Likita Miller na mishan ɗin C.M.S. ya zauna a birnin Zariya daga 1905. Daga baya mishan ya koma Wusasa, a bayan gari, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew a 1929. Da ƙasa aka gina ta, irin ginin Hausawa, mai kaurin bango da bakan gizo. A wannan gari Janar Yakubu Gowon ya tashi. Yau ginin ya haura shekara 90 yana tsaye.

Mene ne ya riƙe shi? Gyara ne a kai a kai. Babban abokin gāban ginin ƙasa shi ne ruwa. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, sai ya ratsa ya jiƙa azara. In kuma ya taru a gindin bango, sai ya riƙa cinsa daga ƙasa.

Saboda haka magina sukan gyara ƙasa da ƙasa. Sukan cike tsaga, su canza azarar da ta ruɓe da ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, sa'an nan su yi yaɓe, su shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa. Shafen siminti a kan bangon ƙasa yakan ɓoye danshi a ciki, daga baya ya ɓamɓare, ya tafi da ƙasar.

Muna roƙon dattawan kowace ikilisiya su sa ranar aikin gayya kafin ruwan farko. Matasa su kwaɓa ƙasa, zumuntar mata su taimaka da ruwa, a kira tsohon magini ya duba soro da indararo. Kuɗin da za a kashe kaɗan ne in aka kwatanta da na sabon gini, ga kuma kiyaye rayukan masu sujada a ƙarƙashinsa.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin yin haka. Amin.