INJIN ZARTO IN YA BUGA, BA MUTUWA YA YI BA

Daga Wakilinmu, Sakkwato

Duk wanda ya ratsa ƙasar Bodinga da Shagari da rani, ya biya ta Lambara da ƙauyukan da ke kewaye da ita, wuya ne ya wuce bai ji ƙugin injin zarto daga wata gona ko bayan wani gida ba. Da shi a ke kada dogon yaron da ya tsufa ya ke barazana ga soro, da shi a ke tsaga katakon rufi da na ƙyaure da na amalanke, da shi kuma a ke daddatsa itacen da iskar farkon damina ta jefar bisa hanya. Aikin da majiya ƙarfi huɗu za su yini suna yi da gatari, shi kan gama shi kafin hantsi.

To, amma injin nan yana da wata cuta da masu shi ke tsoro. Ana cikin yanka sai a ji muryarsa ta sake, ya yi ƙara siririya, sa'an nan ya tsaya cik. In an ja igiya ta ƙi jawuwa, ko kuwa ta zo sakwaf ba nauyi. Shi ne kanikawa ke cewa inji ya buga. Ran nan abincin gida guda ya tsaya, har da na yaran da ke ɗaukar kaya. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, darajar Naira kuma ta faɗi a wannan shekara, sayen sabon inji ya fi ƙarfin yawancin masu sana'ar. Saboda haka ya kamata jama'a su san yadda a ke ta da tsoho, da kuma inda a ke yin kuskure har kuɗi su salwanta sau biyu.

ASALIN INJIN

Wani Bajamushe ne, Andreas Stihl, ya ƙera zarto mai aiki da lantarki a 1926, ya kuma fito da mai shan fetur a 1929. Kamfaninsa yana nan har yau a garin Waiblingen, kusa da Stuttgart ta ƙasar Jamus. Kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin ya shiga wannan sana'a a 1959. Cikin dukan irin da aka kawo Nijeriya, wanda ya fi suna wurin masu tsaga katako shi ne Stihl 070, inji ne mai nauyi, mai jimiri, wanda ba shi da tarkace da yawa a ciki. Yanzu kasuwa ta cika da kwaikwayonsa da a ke yi a ƙasar Sin.

Irinsa shi a ke kira inji mai bugu biyu, watau ɗan'uwan ƙaramin janareto da tsofaffin baburan nan masu hayaƙi. Ba shi da ma'ajin baƙin mai kamar na mota. Ɗan man da aka gauraya cikin fetur, shi kaɗai ke shafe fistan da silinda da boris. Ba shi kuma da ruwan sanyaya jiki, sai iskar da fanka ke hurawa ta tsakanin haƙarƙarin silinda. Fistan ɗin kuwa yana hawa da sauka fiye da sau 100 cikin daƙiƙa guda. Mai karatu ya auna abin da zai faru in mai ya yi ƙaranci, ko iska ta toshe, a cikin zafin Afrilu na ƙasar Sakkwato da kan wuce digiri 40. Fistan na alminiyom ne, zafi na kumbura shi, sai ya goge jikin silinda, ya narke ya manne a kanta, ya danne ringi cikin raminsa.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawa. Mai inji ya ƙosa ya koma aiki, bakanike ya kwance, ya ga fistan ya ci, ya aika a sayo sabo, ya ɗaura. Bayan mako ɗaya ko biyu inji ya sake bugawa, sai a kama zargin juna, wannan ya ce kayan jabu ne, wancan ya ce hannun mai gyara ne. Alhali abin da ya kashe fistan na fari yana nan ba a taɓa shi ba, shi ne kuma ya kashe na biyu.

Bakanike na ƙwarai ba ya jefar da tsohon fistan sai ya karanta shi. Tun kafin ya kwance silinda ya kan cire salansa, kusoshi kaɗan ne, ya leƙa ta ƙofar hayaƙi. In ƙarzuwar tana wajen salansa, zafi ne ya yi ɓarna: ko mai ya yi kaɗan cikin fetur, ko an matse kafireto, ko kuwa iska na satar hanya ta shiga inji. In ƙarzuwar ta kewaye fistan gaba da baya, galibi fetur tsura aka zuba, ko wanda aka sirka da mugun abu. In kuwa gefen kafireto ne ya suɗe, ya dushe kamar an goge shi da yashi, to, ƙura ce ta wuce matatar iska, abin da ba ya wuya a nan lokacin hunturu. Zurfafan tsagu guda ɗaya ko biyu kuwa alama ce wani ƙarfe ya ɓalle a ciki, ko ƙaramin zoben da ke tare fil ɗin fistan, ko ɓarɓashin boris. Filogi ma shaida ne. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya ke nan, baƙi mai danshi fetur ya yi yawa, fari fat kuwa inji yana ƙonewa da yunwa.

Satar iska ita ce maƙiyin da ba a gani. A gefe biyu na kiranshaf akwai sil na roba, shekaru da zafi kan busar da su. Haka kuma fakin da ke ƙarƙashin silinda da wanda ke bayan kafireto, da tiyon fetur. Gwajinsu ba shi da wuya, dabarar mai faci ce. A yanko roba daga tsohon tib a toshe ƙofar kafireto da ta hayaƙi, a hura iska kaɗan, kamar rabin ba, ta ramin filogi, sa'an nan a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ya taso, nan ɓarawon ya ke. Sil biyu kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabuwar silinda ba a yawancin kasuwanni, amma barinsu ya kan ci silindar duka.

YADDA A KE TA DA SHI

In an gano sanadi, sai a wanke inji sarai kafin a buɗe shi, a shimfiɗa tsabtataccen buhu ko faranti, domin ƙwayar yashi guda in ta faɗa ciki ta isa ta ɓata aikin. Silinda ita ma ta alminiyom ce, amma an dalaye cikinta da wani ƙarfe mai tauri, siriri ƙwarai. Sau da yawa abin da a ke gani kamar rauni a jikinta, narkakken fistan ne kawai ya manne. Ana kankare shi a hankali da samfefa mai laushi. Waɗansu kanikawa kan ɗiga asid mai cin alminiyom, amma wannan aiki ne mai haɗari ga ido da huhu, ba na almajirin gareji ba ne. Bayan an share sai a bi wurin da farce. In farce ya wuce sumul, silinda ta tsira, fistan da ringi kaɗai za a saya. In ya maƙale cikin rami, musamman sama da ƙofar hayaƙi, ta gama aiki.

A nan ne da tsohuwar zuma a ke magani. Tsohuwar silinda gangariya da aka share sau da yawa ta fi sabuwa mai araha daɗewa, gama dalayen jabu kan ɓare. Mai sayen kaya, ko a Sakkwato ne ko a Sabon Gari ta Kano, ko an aiko masa daga Anaca da Nnewi, ya tafi da tsohon a hannu ya gwada, ya duba bakin ƙofofin silinda ko an goge kaifinsu, don kaifi kan kama ringi ya karya shi.

Kafin a rufe, a girgiza sandar fistan sama da ƙasa. In tana da wasa, boris ɗinta ya tafi, sai an raba gindin inji. Wajen ɗaurawa kuwa, kibiyar da ke bisa kan fistan ta dubi salansa. Bakin kowane ringi ya zauna daidai kan ɗan fil ɗinsa. Zoben fil a sa sababbi, kada a mai da tsofaffi. A shafe kome da man 2T, a ɗaure kusoshin silinda a gicciye, kaɗan kaɗan. A wanke tanki, a sake matatar fetur da ta iska, a kuma sake 'yan fatun da ke cikin kafireto in sun bushe. Tazarar bakin filogi rabin milimita ce.

Saura saitin kafireto, inda son zuciya ke shiga. Akwai kusa mai harafin L ta ƙaramin gudu, da mai harafin H ta babban gudu. A tsofaffin injuna a kan fara da kwance kowace kamar zagaye ɗaya daga inda ta tsaya. Masu yanka da yawa suna son a matse H, domin inji ya yi kuka mai tsini kuma ya rage shan fetur. Wannan kukan na ajali ne, gama rage fetur rage mai ne. Saiti nagari shi ne a ji inji yana ɗan gargada in an matsa shi ba a kan itace ba, da ya kama itace kuwa muryarsa ta washe. Sabon ɗauri kuma a bi shi sannu: kamfanin Stihl ya yi gargaɗi kada a ƙure gudun sabon inji ba bisa itace ba har sai ya sha tanki 3.

ƘARIN ƘARFI

Tun da an riga an buɗe inji, waɗansu kan so su ƙara masa ƙarfi. Ga mai 070 hanya a buɗe ta ke, domin yana da wa, watau Stihl 090, gindinsu iri ɗaya ne, tafiyar fistan ɗinsu kuma milimita 40 ce duka. Bambancin a faɗin silinda ya ke: na 070 milimita 58, cikinsa sisi 106, na 090 kuwa milimita 66, cikinsa sisi 137. Wanda ya ɗora silindar 090 ya ƙara kusan sulusi ke nan. Amma fa ya sani zai ƙara shan fetur, igiya za ta ƙara tauri, nauyi kuma zai ƙaru a kan kuloci da boris. In waɗannan sun tsufa, garin neman ƙiba sai a samo rama. Mai tsaga manyan kututture dukan yini shi zai amfana. Mai sassabe rassan dogon yaro ba ya bukata.

Akwai gyare-gyaren da suka fi wannan riba. Tsohon inji mai ba da wuta ta ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa, in aka sa masa kwayil na zamani, ya huta da wahalar tashi. Sarƙa mai kaifi kuwa ta fi kowace silinda ƙara sauri. In inji yana zubar da ɓarɓashi manya, sarƙa lafiya. In ya koma fitar da gari kamar dusa, a tsaya a ɗauko magagari, don dakusasshiyar sarƙa ita ke sa a danna inji har ya yi zafi. Kada kuma wani ya cire abin da masu ƙira suka sa don tsare gudu. Tsohon 070 ba shi da birkin sarƙa irin na injunan yanzu, in ya yi tsalle baya ba abin da zai tare shi sai ikon Allah da riƙon hannu biyu.

RIGAKAFI

Maganin bugawa yana cikin galan. A sayi fetur inda aka amince, a yi hattara da na bakin hanya wanda ba a san abin da aka zuba masa ba. A yi amfani da man 2T, ban da baƙin man mota, balle wanda aka juye daga inji. Tsohon awo kashi 1 ne cikin 25, watau mililita 160 ga lita 4. Man kamfani mai kyau ana sa shi 1 cikin 50, mililita 80 ga lita 4. Kada a auna da ido, a nemi kwalba mai zane. A girgiza galan kowane zubi, a ware shi dabam kada yaro ya ɗauko na babur. Kowace yamma a kakkaɓe matatar iska, a share garin katako daga haƙarƙarin silinda.

Daga ƙarshe, inji mai ƙarfi amana ce. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 na bakin hamada da aikin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa wa hukuma a 2015. Gawon da ya shekara 50 yana takin gona, yana ciyar da bisashe da rani, injin nan kan kwantar da shi cikin minti kaɗan. Mai inji ya nemi izinin malaman daji kafin ya sa sarƙa a ɗanyen itace, wanda ya sa a sare masa ɗaya kuma ya dasa biyar da damina. In itace ya ƙare a Lambara, ko an gyara inji ba abin da zai yanka. Allah ya tsare hannuwan masu sana'a, ya sa albarka cikin nemansu, amin.